Wayar tuƙin jirgin ruwa mai inji

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, yana ratsa ƙasar Nijar wajen kilometir 550. Yana shigowa daga Mali, ya bi ta Ayaru, Tilaberi, Yamai da Gaya. Jirage masu inji suna ɗaukar mutane da kaya bisa kogin. Yawancinsu da hannu ake tuƙa su: matuƙi yana zaune a baya, riƙe da hannun inji. Amma akwai waɗansu jirage masu gudu da ke da sitiyari kamar na mota. A cikinsu matuƙi yana gaba, inji kuwa yana baya. Wata waya ce ke haɗa su.

Jirgin ruwa ba shi da birki. In dutse ko wani kwalekwale ya tare gaba, sai dai matuƙi ya rage gudu ya kauce. Ranar da wayar tuƙi ta ƙi aiki, ran duk mutanen da ke cikin jirgi yana cikin hatsari.

Yadda take aiki

Wayar tuƙi ta yi kama da wayar birkin keke: igiyar ƙarfe ce da ke zirga-zirga cikin kube. Amma ta keke ja kaɗai take yi. Ta jirgi tana da kauri, tana ja, tana kuma turawa.

Kayan tuƙin kashi huɗu ne. Na ɗaya, akwatin haƙora da ke bayan sitiyari. Na biyu, wayar da kubenta, wadda ke bin gefen jirgi har baya. Na uku, sandar ƙarfe mai santsi da ke ƙarshen waya. Ita tana shiga tana fita cikin wani bututu da ke jikin inji. Na huɗu, ɗan hannun ƙarfe da ke haɗa sandar da inji.

In matuƙi ya murɗa sitiyari, haƙora su tura waya, waya ta tura sanda, sanda ta karkata inji. In ya murɗa dama, farfela ta karkata dama, ta ture bayan jirgi hagu, sai goshin jirgi ya nufi dama. Sau uku ko huɗu sitiyari ke kewayawa daga wannan iyaka zuwa waccan.

In sitiyari ya yi tauri

Wannan ita ce matsalar da aka fi gamuwa da ita. Ba rana ɗaya take zuwa ba. Kullum sitiyari yana ƙara nauyi kaɗan kaɗan, matuƙi yana sabawa, har wata rana ya kafe. Wanda ya sa ƙarfi ya murɗa shi, sai ya karya haƙoran akwati ko ya tsinke waya.

Makaniki na ƙwarai ba ya fara da sayen sabon kaya. Yakan raba sassan tukuna, domin ya gane wanda ke da laifi.

Da fari sai ya kwance ɗan hannun ƙarfen nan, ya raba waya da inji. Sa'an nan ya kama inji da hannu, ya karkata shi dama da hagu. In inji ya yi tauri, to laifin ba na waya ba ne: mahaɗar da inji ke juyawa a kanta ce ta bushe. Sai a ɗura mata giris ta ƴan kafofin da aka yi domin haka.

In inji yana juyawa sumul, sai makaniki ya koma ga sitiyari. In har yanzu da tauri, ya kwance babban notin da ke riƙe waya a bakin bututu, ya zaro sandar waje. In sitiyari ya saki nan take, bututu ne ya toshe. Tsohon giris yakan haɗu da ruwa, da tsatsa, da rairayi, da ƙurar hunturu, ya daskare kamar ƙaro. Wani lokaci sandar takan kafe a ciki. Ba a dukanta da guduma, domin bakinta zai buɗe, ba ta kuma fita. Akan zuba mai mai narkar da tsatsa, a bar shi ya jiƙa, a yi ta motsa ta da haƙuri. In ta fito, a wanke cikin bututu da buroshin ƙarfe da kananzir, a goge sanda, a shafa mata sabon giris wanda ruwa ba ya wankewa.

In an zare sanda amma sitiyari bai saki ba, saura abu biyu: waya da akwati. Sai a raba su. Akwatin da ke juyawa da sauƙi shi kaɗai lafiyarsa lau, waya ce ta lalace.

Waya ba ta gyaruwa

Makaniki yakan bi kuben waya da hannu tun daga gaba har baya. Yana neman inda ya tsage, ko ya kumbura, ko ya lanƙwashe. Zafin rana yana busar da robar kube har ta tsage. Ruwa ya shiga ta nan, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura. An rufe wayar ruf tun daga masana'anta, mai ba ya kaiwa cikinta. Ba a ɗaure ta, ba a yi mata walda. Sai dai a sake wata.

Tsawon waya yana rubuce a jikin kube, da awon ƙafa. Ƙafa ɗaya ta ɗara santimetir 30 kaɗan. Sabuwa ta zama daidai da tsohuwa. Gajera ba ta kaiwa, doguwa kuwa sai an naɗe ta, naɗin kuma yana ƙara tauri. Kafin a zare tsohuwa, akan ɗaura mata igiya a baki. Da igiyar nan ake jawo sabuwa ta bi hanya guda. Inda waya za ta sha kwana, a bar ta ta lanƙwasa a hankali, kamar tana kewaya da'ira mai faɗin santimetir 40 ko fiye.

In sitiyari ya yi sako-sako

Wani lokaci sitiyari yana motsi amma inji bai motsa ba sai an murɗa da yawa. Galibi noti ne ya saki, ko haƙora sun cinye. Notin ɗan hannun ƙarfe ba irin kowane noti ba ne: akwai zoben roba a cikinsa da ke hana shi kwancewa. In aka sa noti na banza a madadinsa, girgizar inji za ta warware shi a tsakiyar ruwa.

In sitiyari ya yi ta juyawa haka kawai ana cikin tafiya, waya ta tsinke ke nan, ko hannu ya fita. Matuƙi ya rage wuta nan da nan, ya kashe inji, a kai jirgi gaɓa da filafili. Shi ya sa ba a barin filafili a gida.

In jirgi yana ja gefe guda

Wannan ba laifin waya ba ne. Juyin farfela ne ke jan inji gefe. Sama da farfela akwai wani ɗan fiffiken ƙarfe. In jirgi yana ja dama, a sassauta shi, a karkata wutsiyarsa dama kaɗan, a ɗaure. In hagu yake ja, a karkata hagu.

Kafin a tashi

Bayan kowane gyara, ana gwada tuƙi jirgi yana ɗaure a gaɓa. Mutum ɗaya ya murɗa sitiyari har iyaka, wani ya duba ko inji yana bin gefen da ya kamata. Sa'an nan a gwada cikin ruwa a hankali, ba fasinja. Sau biyu a shekara ake zare sanda a wanke ta a sa giris. In sitiyari ya fara nauyi, a fasa tafiya har a gyara shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyi

1. Mine ne bambancin wayar birkin keke da wayar tuƙin jirgi?
2. Don mi makaniki ke raba waya da inji kafin ya sayi sabon kaya?
3. An rubuta ƙafa 14 a jikin wata waya. Metir nawa ke nan?
4. Ku zana sassa huɗu na kayan tuƙi, ku rubuta sunan kowane.