Kimiyyar da ke Cikin Gyaran Kujerar Tsohuwar Mota

Idan mota ta tsufa, cikinta ne kan fara tona asirin shekarunta. Inji yana iya ci gaba da aiki, fenti kuma yana sheƙi, amma da an buɗe ƙofa sai a tarar kujera ta lotsa, leda ta tsattsage, soso ya leƙo, kwalin ƙofa ya kumbura, rufin ciki kuma ya zazzago. A ƙasar Minjibir, arewa maso gabas da birnin Kano, inda gonaki ke manne da juna, mota ɗaya kan yi jigilar fasinja da buhunan hatsi da kwandunan kayan lambu, wani lokaci har da awaki, tsakanin birni da kasuwanni irin ta Kunya. Ga mai irin wannan mota, kuɗin da zai kai wa mai gyaran kushin ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa kuwa akan sake rufin kujera kawai, ta yi kyau wata biyu ko uku, sa'an nan ta koma yadda take. Dalili shi ne kujera daga ciki take mutuwa, kuma kowane sashe nata yana da abin da ke kashe shi. Wanda ya san waɗannan dalilai shi ne zai yi gyaran da zai daɗe.

Abin da ke cikin kujera

Kujerar mota ta yi kama da jikin dabba. Ƙarfen da ke ciki tare da sifirin su ne ƙasusuwa, soso shi ne tsoka, rufin waje kuma shi ne fata. Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, misali ce mai kyau. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma bayan da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975 sai ta zama motar gwamnati da ta haya a duk faɗin Nijeriya. Ta kuma yi suna a fagen tsere, domin ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake cin gasar a 1978. Irinta ta ragu ƙwarai a kan hanya, amma tsarin kujerarta na ƙarfe da abin laushi da rufi shi ne dai tsarin kujerun motocin da suka gaje ta.

Rufi iri uku ne: fata, leda, da yadi. Abin laushi kuma ya sake fuska a tarihi. Kafin zuwan soson roba, ana cusa wa kujeru gashin doki, ko zaren ɓawon kwakwa, ko audugar rimi.

Fata da jima

Mafi yawan jikin fatar dabba wani furotin ne da ake kira kolajin. Kowane ƙwayar kolajin sili uku ne da suka murɗe da juna kamar igiya, waɗannan igiyoyi kuma suna haɗuwa su zama zare, zaren ya sarƙe ta kowace fuska. Wannan sarƙewa ce ke sa fata ta yi ƙarfi kuma ta lanƙwasu ba tare da ta karye ba. Sai dai ɗanyar fata abinci ce ga ƙwayoyin bakteriya: in ta jiƙe ta ruɓe, in ta bushe ta ƙandare.

Jima ita ce maganin wannan. Majeman ƙasar Hausa suna cire gashi da ruwan toka, sa'an nan su jiƙa fatar a ruwan 'ya'yan bagaruwa da aka daka. Bagaruwa tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke kama zaren kolajin ya ɗaure shi, har bakteriya su kasa cinsa. Daga ƙarshe a shafa mai, domin zare ya riƙa zamewa a kan ɗan'uwansa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme ta wannan hanya ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yawan takalma da fatun da birnin ke fitarwa.

A 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin ƙarfen kuromiyam a Amurka. Ita ce hanyar da manyan masana'antu suka fi bi, har da na Sharaɗa da Challawa a Kano. Bambancin hanyoyin biyu yana fitowa fili idan an sa fata a ruwan zafi. Ɗanyar fata tana ƙanƙancewa a wajen digiri 65 na ma'aunin Salshiyas, jimar bagaruwa tana jurewa zuwa tsakanin 70 da 85, jimar kuromiyam kuwa tana jure tafasasshen ruwa. Shi ya sa akasarin fatar kujerun mota kirgin saniya ne mai jimar kuromiyam. Fatar akuya ba ta da faɗi da kaurin da za ta rufe mazauni, amma ta dace da naɗe sitiyari da kan giya.

Leda da soso

Ledar kujera yadi ce da aka shimfiɗa wa wata roba mai suna PVC. Ita wannan roba a asalinta ƙandararriya ce, da ita ake yin bututun ruwa. A 1926 Waldo Semon ya gano a Amurka cewa idan aka gauraya ta da wani sinadari mai kama da mai sai ta yi laushi. Wannan mai bai ɗauru da robar ba, yana zaune ne kawai a tsakanin ƙwayoyinta, don haka zafi yana fitar da shi a hankali. Wani ɓangare na hazon da kan kwanta a cikin gilashin gaba daga nan yake fitowa. Idan man ya ƙare, leda ta koma halinta na asali, sai ta tsage da an zauna.

Soson kujera kuwa daga sinadarin foliyuritan ake yinsa, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Dubban ƙananan ramuka ne masu siraran bangaye. Duk lokacin da aka zauna bangayen suna lanƙwasa, in an tashi su miƙe. Da tafiya ta yi nisa, iska da danshi da zafi suna tsinka sarƙar sinadarin, soso ya yi ruwan ɗorawa, ya daina tasowa, daga bisani ya zama gari. Ana auna ingancin soso da nauyinsa. Soson kujerar mota kan kai kilo 40 zuwa 60 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, alhali soson katifa mai araha bai kai rabin haka ba.

Audugar rimi tana da nata sirrin. Kowane silinta bututu ne mai iska a ciki da kakin zuma irin na tsiro a waje, shi ya sa ba ta shan ruwa, har aka daɗe ana yin rigunan ceto na jiragen ruwa da ita. Amma silin yana karyewa ya dunƙule idan nauyi ya yawaita hawansa, ga shi kuma da saurin kama wuta. Ta dace da matashi, ba ta dace da mazaunin direba ba.

Bazara, hunturu da damina

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnar da yake yi. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan kai digiri 40, dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 70. Ban da zafi, a cikin hasken rana akwai wani kaifin haske da ido ba ya gani, wanda ke tsinka sarƙar roba da ta rini. Shi ya sa saman kujerar baya da dashbod ke riga sauran wurare koɗewa.

Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Fata tana rasa ruwa da mai, zarenta ya manne, sai ta tsage a wurin lanƙwasa. Ƙurar da ke shiga ɗinki kuma tana goge zare kamar sanfefa.

Da damina sai rayayyun halittu su karɓi aiki. Funfuna tana tsirowa idan danshi ya zarce kashi 70 cikin 100, tana cin mai da gumin da suka taru a kan fata da yadi. Ruwan da ke bi ta gefen gilashi yana jiƙa kwalin ƙofa idan ramukan da ke ƙasan ƙofar sun toshe, ko an yage ledar da ke tsakanin kwali da ƙarfe. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake a nan: ƙwayar hatsin da ta faɗa ta tsagar leda ita ke kiran ɓera da kyankyaso, ɓera kuma ya yayyage soso ya yi sheƙa. Kuɗin cizo ma yana ɓuya a bakin ɗinki.

Yadda ake gyara mai ƙarko

Ƙwararren mai kushin yana farawa ne daga ƙashi. Yakan kwance kujera ya fitar da ita, ya cire rufin a hankali, ya duba ƙarfe da sifirin. Wurin da ya tsage a yi masa walda bayan an nisantar da soso, wurin da ya yi tsatsa a kankare a shafa fenti. Sifirin ɗin da ya saki a sake shi, domin babu soson da zai ɓoye shi.

Na biyu shi ne soso. Idan gefe ɗaya ne ya mutu, a yanke shi har zuwa inda yake da rai, a manna sabo mai nauyi irin nasa, a sassaƙa shi ya bi siffar asali. Gam irin na sholisho ana shafa shi ne a fuskoki biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sa'an nan a haɗa.

Na uku shi ne rufi. Ba a jefar da tsohon rufi. Warware shi ake yi, a sa wa kowane ƙyalle alama, a yi awon sabo da shi. Wajen ɗinki akwai abin lura: allura tana ratsawa ne tsakanin zaren yadi, amma a fata da leda huda take yi wadda ba ta rufewa. Idan ɗinki ya yi ƙanana ƙwarai, hudojin za su jeru kusa da juna, leda ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Don haka ake buɗe tazara zuwa milimita 4 ko 5. Zaren auduga yana ruɓewa da gumi, zaren foliyesta ya fi jure rana. Leda kuma ta fi miƙewa idan an ɗan shanya ta a rana kafin a ja ta a kan kujera.

Kwalin ƙofa da ya kumbura ba ya komawa daidai. A zana siffarsa a kan sabon kwali ko siririn katako, a mayar da ledar da ke tare ruwa, a buɗe ramukan ƙasa. Rufin ciki da ya zazzago kuwa, siririn soson da ke bayan yadin ne ya zama gari. Gam ba ya kama gari, sai an kankare shi tas.

Bayan gyara sai kulawa. Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami, sabulun wanki kuma kishiyar tsami ne, yana kwashe mata mai. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar, sai man fata kaɗan, musamman gab da hunturu. Ajiye mota a inuwa da rufe gilashin gaba sun fi kowane magani araha.

Abin da ya shafi lafiya

Ƙashin bayan mutum yana da ɗan lanƙwasa a daidai ƙugu, inda gaɓoɓi biyar ke ɗauke da nauyin gangar jiki, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Kujerar da ta lotsa tana sa ƙugu ya zame, lanƙwasar ta miƙe, nauyi ya taru a kan faifan, girgizar hanya kuma ta isa jiki kai tsaye. Direban da ke wuni a kan irin wannan kujera yana sayen ciwon baya da kuɗinsa.

Shi ma mai gyara yana da nasa haɗarin. Tururin sholisho yana taɓa ƙwaƙwalwa kuma yana kama wuta, don haka a yi aiki da shi a sarari. Ƙona tsohon soso yana fitar da hayaƙi mai guba. Har ila yau, motocin zamani da yawa suna da jakar iska ta kariya a gefen kujera, wadda aka yi wa ɗinki na musamman da zai ɓalle lokacin haɗari. Rufe wurin da ɗinki mai ƙarfi yana iya hana jakar fitowa.

Gwaji ga ɗalibai

Malami yana iya tabbatar da wannan bayani a aji. A yanka soso santimita 10 tsawo da faɗi da kauri, a auna shi: yawan giram ɗin da ya bayar shi ne nauyinsa na kilo a mita. A kwatanta na kujerar mota da na katifa. Sa'an nan a sami siririn yanki na ɗanyar fata da na jemammiya masu tsawo ɗaya, a jiƙa su, a ɗora a ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a rubuta digirin da kowane ya ƙanƙance. Daga ƙarshe a raba leda biyu, ɗaya a kan rufin kwano, ɗaya a cikin akwati, a lanƙwasa su a ƙarshen zangon karatu a ga wadda za ta fara tsagewa.

Kammalawa

Ƙasar Minjibir ta daɗe da sanin saƙa, ƙasar Kano kuma ta daɗe da sanin jima da dukanci. Majemin da ke daka bagaruwa da masaƙin da ke zaɓen zare suna aiki ne da dokokin da ɗalibi ke karantawa a darasin kimiyyar halittu da na sinadarai. Mai mota da ya fahimci waɗannan dokoki zai tambayi nauyin soso da irin zare kafin ya tambayi launin leda, ya kuma nemi a nuna masa ƙarfen kujera kafin a rufe.