Digirin gamayyar fannoni

Digirin gamayyar fannoni wani tsari ne na karatun digirin farko wanda ɗalibi yake riƙe fanni ɗaya a matsayin babban fanninsa, kamar adabin Turanci ko ilimin halayyar ɗan Adam, sannan ya haɗa shi da darussa daga wasu fannoni irin su tarihi, falsafa, harsuna, lissafi da kimiyya. A Turance ana kiran tsarin liberal arts, kuma an fi saninsa a jami'o'in Amurka. A Najeriya jami'o'in da suka gina karatunsu kacokan a kansa ba su da yawa. Sai dai ana samun ɓangarorinsa ta hanyoyi uku: darussan gama-gari da aka wajabta wa kowane ɗalibi, digirin haɗaka na fannoni biyu, da digirin koyarwa. Ta waɗannan hanyoyi ne ɗaliban jihar Kano, ciki har da na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, suke samun irin wannan karatu.

Asali

Tushen tsarin yana komawa ga Girkawa da Rumawan dā. A makarantun Turai na tsakiyar zamani an kasa ilimin da ya kamata mutum ya fara da shi gida bakwai. Uku na magana ne: nahawu, mantiƙi da balaga. Huɗu kuma na ƙidaya ne: lissafi, awon siffofi, kiɗa da ilimin taurari. Sai ɗalibi ya ƙware a waɗannan kafin ya shiga karatun shari'a, likitanci ko addini.

Duniyar Musulunci ma ta san irin wannan faɗaɗawa. Malamin Masar Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta Annuƙaya, inda ya taƙaita fannoni 14 a littafi ɗaya, daga tafsiri da hadisi zuwa nahawu, balaga da likitanci. A makarantun ilimi na ƙasar Hausa, wato karatun zaure, ɗalibi yakan ɗauki fiƙihu wurin wani malami, nahawu da lugga wurin wani, tafsiri wurin wani. Bambancinsa da tsarin jami'a shi ne ana tafiya ne littafi bayan littafi, babu ƙayyadaddun shekaru, kuma babu makin jarrabawa.

A Amurka, Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909, ya faɗaɗa damar ɗalibi ta zaɓar darussansa da kansa. Daga irin wannan sauyi aka samu tsarin da ake bi yanzu: shekara huɗu, inda ɗalibi yakan ɗanɗana fannoni daban-daban kafin ya tsayar da babban fanninsa, galibi zuwa ƙarshen shekara ta biyu. Ingila kuwa ta fi karkata ga fanni ɗaya na shekara uku, duk da cewa Jami'ar Oxford ta buɗe digirin falsafa da siyasa da tattalin arziki a haɗe tun 1920.

Shigowarsa Najeriya

Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, tsarin Ingila ta bi. Amma tana da digirin gama-gari na fannoni uku. Chinua Achebe ya shiga da niyyar karatun likita, daga baya ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini, ya kammala a 1953.

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ce ta fara wajabta darussan gama-gari ga dukkan ɗalibanta. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta sanya su cikin ƙa'idojin da kowace jami'a za ta bi. Darussan sun haɗa da amfani da Turanci, amfani da ɗakin karatu, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da mantiƙi, tarihin kimiyya, sasanta rikici, da koyon dogaro da kai. A watan Disamba na 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta.

A arewa, Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005 bisa cikakken tsarin Amurka. Jami'a ce mai zaman kanta, kuma kuɗin karatunta ya fi ƙarfin yawancin iyalai.

A Kano

Jami'ar Bayero ta samo asali ne daga Kwalejin Ahmadu Bello da aka buɗe a 1960 a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Da Larabci da nazarin addinin Musulunci da sauran fannonin adabi ta fara, kuma ɗalibanta da yawa sun fita da digirin haɗaka, misali Hausa da nazarin addinin Musulunci. Marubuciya Zaynab Alkali, mai littafin The Stillborn na 1984, tana cikin waɗanda suka yi karatu a nan.

Sabon mazaunin jami'ar yana kan titin Gwarzo, hanyar da ta ratsa Janguza da Rimin Gado da ƙasar Kabo ta isa garin Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, sannan ta wuce Dayi a jihar Katsina. Don haka ita ce jami'ar tarayya mai tsangayar adabi mafi kusa da ɗaliban wannan yanki. Akwai kuma Jami'ar Northwest, wadda gwamnatin jihar ta kafa a 2012 a cikin birni. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo, amma alƙiblar irin wannan makaranta kimiyya ce da sana'a. Mai son adabi ko ilimin halayyar ɗan Adam sai ya nufi Kano ko wata jihar.

Abdalla Uba Adamu misali ne na malamin Kano da ya ratsa fannoni. Digirinsa na farko a fannin koyar da kimiyya ne, ya zama farfesa a wannan fanni a 1997, sannan ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012 sakamakon nazarinsa kan littattafan Hausa na zamani da finafinan Kannywood. Ya shugabanci Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, daga 2016 zuwa 2021.

Adabin Turanci a matsayin babban fanni

Mai karanta wannan fanni yana nazarin ƙagaggun labarai, rubutattun waƙoƙi da wasan kwaikwayo, daga na Ingila irin na Shakespeare zuwa na Afirka da na baƙaƙen fatar Amurka. A yawancin jami'o'in Najeriya ana haɗa adabin da nazarin harshen kansa: tsarin sauti, ginin jimla, ma'ana da salon rubutu.

Fannin ya sauya kama bayan samun 'yancin kai. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da wasu abokan aikinsa biyu a Jami'ar Nairobi suka nemi a rushe sashen Turanci a maye gurbinsa da wanda zai sa adabin Afirka a gaba. Tun daga lokacin adabin baka da rubuce-rubucen 'yan Afirka suka samu gurbi mai faɗi a manhajojin nahiyar.

Ga ɗalibi Bahaushe, fannin yana haɗuwa da adabin Hausa ta ƙofar fassara. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Turanci a 1967. Aliyu Kamal na sashen Turanci a Jami'ar Bayero ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka buga shi a Indiya a 2012. Irin wannan aiki yana buƙatar sanin harsunan biyu, da tarihi, da addini, da zamantakewar gidan Bahaushe.

Ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin babban fanni

Wannan fanni yana nazarin yadda mutum yake tunani, koyo, tunawa da mu'amala da jama'a. Ana ƙirga farkonsa a matsayin kimiyya daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, kodayake malamai irin su Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934, sun riga sun yi rubutu kan damuwa, tsoro da waswasi. A Najeriya sashen farko na fannin an buɗe shi ne a Nsukka a 1964. Jami'o'in Legas, Ibadan da Jos ma suna da shi.

Darussansa sun haɗa da girman yaro, halayyar mutum cikin jama'a, aikin ƙwaƙwalwa, matsalolin tunani, ƙididdiga da dabarun bincike. Don haka duk da ana sanya shi cikin fannonin zamantakewa, yana buƙatar lissafi da ilimin halittu. A Kano ɗalibai da yawa suna haɗuwa da shi ne ta tsangayar ilimi, a darussan halayyar ɗalibi da na ba da shawara da jagoranci.

Mai digirin farko a wannan fanni ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likita sannan ya ƙware. Mai son duba marasa lafiya ta hanyar tattaunawa kuwa sai ya ƙara digiri na biyu da horon asibiti. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958.

Sharuɗɗan shiga

Hanya ta farko ita ce jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ana rubuta darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu. Ana kuma buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Mai neman karanta Turanci sai ya kasance da kiredit a adabin Turanci, kuma ya rubuta shi a UTME. Mai neman ilimin halayyar ɗan Adam galibi ana neman kiredit ɗin lissafi daga gare shi, wasu jami'o'in kuma har da ilimin halittu.

Hanya ta biyu ita ce shiga aji biyu kai tsaye da takardar NCE, IJMB ko difloma. Karatun NCE da kansa haɗaka ne, domin ɗalibi yana ɗaukar darussa biyu, kamar Turanci da Hausa, tare da ilimin koyarwa. Kwalejojin ilimi da Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a ta Kano, wadda aka fi sani da CAS, sun daɗe suna zama gada ga ɗaliban ƙananan hukumomi.

Waɗannan sharuɗɗa suna nufin babban zaɓin ana yin sa ne tun a aji ɗaya na babbar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. Ɗalibin da bai ɗauki adabin Turanci ba a lokacin, ko wanda makarantarsa ba ta da malamin darasin, ƙofar sashen Turanci ta rufe masa sai ya sake zama jarrabawar, misali ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara.

Tsarin karatu da sakamako

Karatun shekara huɗu ne, kowace shekara zango biyu. Darussa sun kasu uku: na dole a sashe, na zaɓi, da na gama-gari. Gurbin zaɓi shi ne inda ɗalibi zai faɗaɗa iliminsa, kamar mai karanta Turanci ya ɗauki darasi a kimiyyar harshe, Larabci, tarihi ko aikin jarida. A shekarar ƙarshe ana rubuta kundin bincike. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Darussan gama-gari suna shiga lissafin, kuma wanda ya faɗi ɗaya ba zai kammala ba sai ya sake shi.

Ayyuka

Bayan hidimar ƙasa, masu irin wannan digiri suna shiga koyarwa, aikin jarida, fassara, ɗab'i, rubutun fim, aikin gwamnati, kula da ma'aikata da ƙungiyoyin agaji. Sassan Hausa na BBC, DW da RFI, da gidajen rediyon Kano, suna buƙatar masu iya juya labari tsakanin Turanci da Hausa. Wanda bai yi digirin koyarwa ba yakan ƙara diflomar PGDE kafin ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Muhawara

Masu suka suna cewa digirin ba ya kai mutum ga takamaimiyar sana'a kamar yadda likitanci, lauya ko injiniya suke yi, kuma wannan babban lamari ne ga iyalin da ya sayar da amfanin gona don biyan kuɗin makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ma ta fifita kimiyya, inda ta tanadi kashi 60 na guraben jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. A Kano, kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 ya ƙarfafa ɗaukar ajin kimiyya a matsayin na masu hazaƙa. Wasu kuma suna ganin darussan gama-gari ba sa cimma manufarsu idan ɗalibai sun yi wa aji yawa, domin sai su koma haddar takardun malami.

Masu goyon baya suna cewa iya karatu da fahimta, rubutu mai tsari da auna hujja abubuwa ne da kowane aiki yake buƙata, kuma mutum yakan sauya aiki fiye da sau ɗaya a rayuwarsa. Suna kuma nuni da cewa Turanci shi ne harshen jarrabawa a kowane fanni, don haka ƙarancin ƙwararrun malamansa a makarantun karkara yana shafar har masu son kimiyya.

Akwai kuma muhawara kan abin da ake koyarwa. Wani nazari da Joseph Henrich da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa yawancin binciken halayyar ɗan Adam an yi shi ne a kan mutanen ƙasashen Yamma, musamman ɗaliban jami'a. Wannan ya ƙarfafa kiran a yi nazarin halayya ta fuskar al'adun gida. A ƙasar Hausa hakan ya shafi kalmomi irin su kunya, haƙuri, kirki da mutunci, waɗanda fahimtarsu take buƙatar sanin harshe, adabi, addini da zamantakewa a lokaci guda.