Shin Ko Kun San Yadda Asirin 'Yan Damfara Ke Tonuwa?

Shin ko kun san lambobi ma suna tona maƙaryaci? A tarin lissafin kuɗi na gaskiya, kamar rasitan kamfani na shekaru, kusan kashi 30 cikin 100 na adadin da lamba 1 suke farawa, masu farawa da 9 kuwa ba su kai kashi 5 ba. Simon Newcomb ya lura da haka a 1881, Frank Benford ya sake gano shi a 1938. Mai ƙirƙirar rasitan bogi yakan zuba lambobi yadda ransa ya so, sai masu binciken kuɗi su ga tsarin ya karkace, su san inda za su tona.

Shin ko kun san tun a 2000 aka ja hankalin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka kan Bernie Madoff, mai juya kuɗin masu zuba jari? Harry Markopolos, masanin lissafin hannun jari, ya ga ko kasuwa ta hau ko ta sauka, ribar Madoff ba ta girgiza. Ya kai ƙorafi, ya sake kai cikakken rahoto a 2005, ba a tsayar da Madoff ba. Sai a Disamba 2008 asiri ya tonu, kusan dala biliyan 65 da ke rubuce a takardun masu zuba jari duk ƙarya ne. An yanke masa ɗaurin shekara 150. Abin takaici, da an saurari Markopolos da dubban iyalai ba su tsiyace ba.

Dabarar Madoff tsohuwa ce: a biya na farko da kuɗin na baya. Haka Charles Ponzi ya yi a Boston a 1920, haka MMM ta yi a Najeriya har ta daskarar da asusun mutane a Disamba 2016.

Shin ko kun san Emmanuel Nwude da abokansa sun karɓe dala miliyan 242 daga bankin Noroeste na Brazil da sunan kwangilar filin jirgin saman da babu shi? Da bankin Santander ya zo sayen bankin, aka buɗe littattafai, giɓin ya fito.

Binciken ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE ya nuna fiye da kashi 40 na zambar wuraren aiki kwarmato ne ke tona ta, mafi yawa daga ma'aikata. Idan kun ga lissafi bai daidaita ba a wurin aikinku, kada ku yi shiru.