Abin Da Ya Sa Titin Jirgin Kano Ya Fuskanci Arewa Maso Gabas

Galibin masu sauka a filin jirgin saman Kano ba su lura cewa babban titin ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. To, ba haka kawai aka shimfiɗa shi ba. Matuƙi ya fi son ya tashi, ya kuma sauka, yana fuskantar iska, domin ita ke tallafe fikafikan jirgi, ta rage tsawon gudun da zai yi a ƙasa. A Kano kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma. Watau titi guda ya wadatar rani da damina, sai dai a sake gefen da ake shigowa.

Amma akwai ranar da iska kan fi ƙarfin wannan dabara. Ran 22 ga Janairu, 1973, yanayi ya ɓaci a Ikko, aka karkatar da wani jirgin alhazai daga Jidda zuwa Kano. Ya sauka cikin iska mai ƙarfi, ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya kama wuta. Mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu.