Karatu a Wayar Salula da Inganta Insha'in Muhawara ga Mai Koyon Harshe na Biyu

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya tashi da Fulatanci ko Zabarmanci ko Barbarci, ya yi makaranta da Faransanci, kuma yana jin Hausa sosai a kasuwa da tasha. Amma da zarar an ce ya rubuta insha'in muhawara, sai ya jero ra'ayoyi ba tare da hujja ba, ya faɗi jarrabawa. Dalili kuwa shi ne bai saba ganin yadda ake gina hujja a rubuce cikin harshen ba. Wannan takarda za ta duba yadda karatu a wayar salula zai taimaka wajen cike wannan giɓi.

2.0 Ra'ayoyin Masana

Stephen Krashen, a littafinsa na 1993, ya nuna cewa yawan karanta abin da mutum yake fahimta yana ƙara masa kalmomi da salon rubutu. Sai dai Richard Schmidt (1990) yana ganin cewa mai koyo ba ya kama wata siga ta harshe sai ya lura da ita. Ita kuwa Merrill Swain (1985) ta jaddada cewa dole ne mai koyo ya furta ko ya rubuta da kansa. Idan aka haɗa ra'ayoyin uku, za a ga cewa ana bukatar karatu da lura da kuma rubutu.

Dangane da wayar kanta, a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto bayan ta tuntuɓi mutane fiye da 4,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya da Gana. Rahoton ya nuna cewa inda littattafai suka yi ƙaranci, jama'a na karatu a waya.

3.0 Abin da Ɗalibi Zai Nema

Stephen Toulmin (1958) ya kasa muhawara gida shida, amma ga mai koyo guda huɗu sun isa a fara da su:

(a) Iƙirari: Ya kamata a fara koyar da yara da harshen uwa.
(b) Hujja: domin yaro ya fi saurin gane darasi a harshen da yake ji.
(c) Dangantaka: wanda ya gane darasi shi ne yake ci gaba da zuwa makaranta.
(d) Raddi: ko da yake wasu na cewa hakan zai jinkirta koyon Faransanci.

Kowane gida yana da kalmomin da ke nuna shi, kamar domin, saboda haka, ko da yake, sai dai, duk da haka. Waɗannan mahaɗai su ne suka fi ba mai koyo wahala, don a hira murya da fuska kan yi aikinsu.

4.0 Hanyar Aiwatarwa

Malami ya zaɓi sharhi biyu masu saɓanin ra'ayi a kan batu ɗaya, daga jaridar Aminiya ko sassan Hausa na BBC da DW da RFI, ya tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Kowa ya karanta a gida, ya fitar da iƙirari da hujja da raddi a littafinsa. A aji sai a kwatanta, a ga wane marubuci ne ya amsa wa abokin hamayyarsa. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi uku yana kare ra'ayin da bai yarda da shi ba.

5.0 Matsaloli

Nazarin da Pablo Delgado da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya gano cewa an fi fahimtar rubutun bayani a takarda fiye da a allon na'ura, musamman idan lokaci ya ƙure. Saboda haka matanin ya zama gajere, kuma kada a gaggauta ɗalibi. Haka nan rubuce-rubuce da yawa a intanet ba sa sa ƙugiya, har a kasa bambanta kasa da ƙasa. Wajibi ne malami ya gyara matani kafin ya tura. Wanda ba shi da waya kuma a buga masa a takarda.

6.0 Kammalawa

Aikin waya shi ne kawo matani kusa da ɗalibi. Zaɓen matanin da nuna gidajen muhawara da gyaran insha'i suna nan a wuyan malami.