Ko Kun Sani? Littafin Cikin Waya Ma Yana Karanta Mai Karanta Shi

Da yawa daga cikin masu bin littattafan Hausa a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa yanzu a waya suke karatu, ta WhatsApp ko Wattpad. Abin da ke shanye musu batir kuwa ba rubutun ba ne, hasken fuskar wayar ne da datar da aka bari a kunne. A Babura da ke bakin iyaka da Nijar, duk inda sabis ya yi rauni, waya kan ƙara ƙarfin laluben turken sadarwa, sai caji ya zube tun labari bai yi nisa ba. Idan wutar KEDCO ta ɗauke, sai shagon mai caji.

Na'urar Kindle, wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2007, daban take: shafinta ba ya jan wuta sai an juya shi, shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni.

Sai dai intanet ɗin da ke cin batir shi ne kuma ke kai rahoton mai karatu ga kamfanoni. A Oktoban 2014 aka gano manhajar Adobe Digital Editions tana tura wa kamfaninta bayanan littattafan da mutum ya buɗe da shafukan da ya karanta, ba tare da an kulle bayanan ba. Kafin nan, a Yulin 2009, Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗinsu, babu ko sallama.

Dangane da kariya daga irin wannan, Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, kuma hukumar kare bayanai ta NDPC ce ke karɓar ƙorafi.