Yadda ake noman ƙatuwar kabewa a lambun gida

Ƙatuwar kabewar da ake kai wa gasa a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai 'yar'uwa ce ga wadda ake miyar taushe da ita, amma irinta daban ne. Masana tsirrai suna kiran jinsinta Cucurbita maxima, kuma kusan duk wadda ta yi fice a gasa daga iri ɗaya ta fito, wato Atlantic Giant. Wani manomi mai suna Howard Dill, daga garin Windsor a lardin Nova Scotia na Kanada, shi ya samar da wannan iri bayan ya kwashe shekaru yana zaɓen 'ya'yan mafi girman kabewarsa yana sake shukawa. Daga nan nauyin ya yi ta hauhawa. A 2012 Ron Wallace na jihar Rhode Island ya noma mai kilo 911, a 2021 Stefano Cutrupi na Italiya ya kawo mai kilo 1,226, sannan a 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota ya kai kilo 1,247. Galibin masu wannan sana'a ba manyan manoma ba ne, a bayan gidajensu suke noman.

Aikin yakan fara a watan Afrilu, sanyi bai gama tafiya ba. Sai a ɗan goge gefen ƙwayar irin saboda kaurin ɓawonta, a jiƙa ta, a shuka a tukunya cikin ɗaki mai ɗumi. In ta tsiro a dasa ta a ƙasar da aka wadata da taki. Tushe ɗaya kan cinye fili mai kusan murabba'in mita 80, kuma yayin da yaɗon ke tafiya ana binne shi da ƙasa, domin kowace gaɓa ta fitar da saiwa ta riƙa jawo ruwa da abinci.

Kabewa tana da fure namiji da fure mace, ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke gindinta. Mai neman ƙatuwa ba ya barin barbara a hannun ƙudan zuma. Yakan rufe furannin tun da yamma, da sassafe ya ɗebo garin namijin da ya zaɓa ya shafa wa macen, ya sake ɗaure ta, don ya san uwa da uban irin da zai samu. Wannan yakan faɗo a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.

Bayan haka ne ake yanke hukuncin da girman ya dogara a kansa: a bar ɗa guda tak, a cire sauran duka, a kuma datse bakin rassan. Duk abincin da ɗaruruwan ganyaye suka haɗa daga hasken rana sai ya kwarara wuri ɗaya. A tsakiyar girmanta kabewar kan ƙara kilo 15 zuwa 20 a yini, tana shan ruwa lita ɗaruruwa. Dogayen ranakun bazara na ƙasashen arewacin duniya suna taimakawa ƙwarai.

Wannan saurin girma shi ne kuma hatsarinta. In aka yi ruwa mai yawa bayan ƙasa ta bushe, kabewar na iya tsagewa, kuma wadda ta huje har cikinta ba a karɓarta a gasa. Don haka ake ba ta ruwa daidai wa daida, a lulluɓe ta da farin ƙyalle kada rana ta ƙandarar da fatarta, a shimfiɗa yashi a ƙarƙashinta don kada ta ruɓe. Ana kuma lanƙwasa yaɗon tun da wuri kada ta fizge kanta daga jikinsa. Nauyinta ne ke danne ta, shi ya sa ba ta fitowa a mulmule, sai a baje.

A Satumba da Oktoba ake ɗaga ta da igiyoyi da injin ɗaukar kaya zuwa wurin awo. Namanta ruwa-ruwa ne, ba shi da daɗin ƙaramar kabewa, don haka akan ba dabbobi ko a mai da shi taki. 'Ya'yan cikin ake adanawa, a rubuta musu nauyin uwarsu da sunan manomi da shekara, a sayar ko a yi musanyarsu don shukar baɗi.